Mun ƙaura cikin Masaka, majami'armu tana Nyanya: yaya zan yi da sujada?

Baban Murna: Salama 'yan'uwa. Kuɗin haya ya kore mu daga Nyanya ta Abuja, yanzu muna can cikin Masaka ta jihar Nasarawa, sai an hau mashin kafin a fito titin Keffi. A majami'armu ta Nyanya aka yi mini baftisma, a can aka ɗaura mana aure, uwargida kuma tana Zumuntar Mata, ta ce ko ana ha-maza-ha-mata ba ta barinsu. Mu biyar ne. Gadi nake yi, Lahadi biyu a wata sai gari ya waye nake tashi daga aiki. Kusa da gida akwai wata 'yar majami'a, amma ba ɗarikarmu ba ce, kuma da Turanci suke sujada, uwargida ba ta ji. Rabon da mu je gaba ɗayanmu tun Ista. In karɓo takardar canjin majami'a mu koma nan kusa, ko mu riƙa zuwa Nyanya sau ɗaya a wata, sauran mu bi ta waya?

Malamin Lahadi: Ibraniyawa 10:25 ta gama magana, kada mu bar yin taro yadda waɗansu suka saba. Ka tashi da asuba ka shirya iyalinka, Ubangiji zai biya kuɗin mota.

'Yar Zuru: Malam, da asubar yana bakin ƙofar mutane da tocila. Ka karanta dai.

Direban Keffi: Ranar Lahadi ba cunkoso a Mararaba. Masaka zuwa Nyanya naira 500 ne, yara a cinya. Kada kuɗi ya zama hujja.

'Yar Zuru: 500 a wace shekara? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ban ƙara ganin wannan farashin ba. Makon jiya 800 na biya daga Ado ma, da ya fi kusa. Ka ƙara mashin biyu zuwa bakin titi, zuwa da dawowa, mutumin nan ba zai kashe ƙasa da 8,000 ba.

Direban Keffi: An gan ki da gwaggwaro da jakar coci ne aka yanka miki.

Maman Biyu: Ɗan'uwa, duk abin da za ka yi, ka tabbata sunanka yana littafin wata majami'a kuma ana ganin fuskarka. Ni na sha ɗacinta. Maigidana direban babbar mota ne, yau Legas gobe Maiduguri. Surukata ta shanye, ni ke juya ta, ni ke wanke ta, babu wanda zan bar mata. Haka na daina fita sujada. Ni da nake sahun gaba a Zumuntar Mata, ni ke riƙe tulu in ana waƙa, amma ba wadda ta tako ta ce Mama lafiya muka daina ganinki? Ranar da maigidan ya rasu a hanya, ƙaninsa ya je ya sanar. Dattawa suka buɗe littafi, suka ce an daɗe ba a gan shi a Jibin Ubangiji ba, wato wurin karɓar gurasa da ƙoƙo, ga bashin kuɗin gini, ga na zumuntar maza. Gawa tana mutuware kuɗi yana hawa, su suna zaman kwamiti. Daga ƙarshe suka ce za su turo dattijo ɗaya ya yi addu'a a gida, ba za a shigar da shi majami'a ba. Mutumin da ya yi dakon bulon ginin nan kyauta da motarsa! Wani mai bishara na makwabtanmu ne ya binne shi. Matan zumunta suka zo ɗaya-ɗaya, ba wadda ta sa anko.

Tsohon Mawaƙi: Kai! Allah ya ta'azantar da ke, Mama.

Dattijo Mai Ritaya: 'Yata, abin da aka yi miki bai kyautu ba, ziyara aikinmu ne mu dattawa, kuma a nan aka fara faɗuwa. Amma littafin nan ba don mugunta aka ajiye shi ba. Na ga wanda shekara da shekaru bai san ƙofar coci ba, ran da ya mutu dangi suka zo suna neman mawaƙa da Rabaran. Da kin aika ko yaro ne ya ce ga halin da kike ciki, da an kawo wa tsohuwar Jibi har gida.

Maman Biyu: Baba, ran tara kuɗin gini sun san hanyar gidana ba tare da na aiki yaro ba.

Ɗan Tangale: Shi ya sa ni tun kullen korona na 2020 na gane. Istar shekarar a ɗaki muka yi ta, sama ba ta faɗo ba. Ina bin wa'azi a Facebook, datar 300 ta ishe ni. Matiyu 18:20, inda mutum biyu ko uku suka taru. Baban Murna ku biyar ne ma.

Malamin Lahadi: Karanta daga aya ta 15. Maganar ɗan'uwan da ya yi laifi ake yi da yadda ikilisiya za ta bi da shi, ba izinin zama a gida ba ne. Kuma wayar ce za ta miƙa maka gurasa da ƙoƙo?

'Yar Zuru: Datar 300 ta sujadar awa uku? Sai dai in kana kashewa lokacin sanarwa.

Ɗan Tangale: Lokacin sanarwa da lokacin baiko.

Sista Katolika: Mu a wurinmu wanda aiki ya hana shi safiyar Lahadi yana iya zuwa Mas, wato sujadarmu, na yammacin Asabar, an lissafa masa. Ina aikin jinya, da shi nake rayuwa. Ku tambayi fastocinku, me zai hana sujadar yamma domin masu gadi da direbobi?

Malamin Lahadi: 'Yar'uwa, tsarinku daban namu daban. A bar waɗanda suka san ɗarikarsa su ba shi shawara.

Sista Katolika: To shawarar me ka ba shi ban da ya tashi da asuba?

Tsohon Mawaƙi: In ya sauko daga gadi ya wuce coci kai tsaye, a nisanta shi da taga kawai. Ku tuna saurayin Ayyukan Manzanni 20 da barci ya kwashe, ya faɗo daga bene Bulus yana wa'azi, ya mutu, Bulus ya tashe shi. Kuma fastocinmu na yanzu sun iya tsawon wa'azin, tashin matattun ne ban gani ba.

Dattijo Mai Ritaya: A yi dariya amma a ji wannan. Iyayenmu a ƙauye da ƙafa suke ƙetare rafi su je sujada, sai dai waɗanda suke tararwa a can su ne maƙwabtansu na gona. Wanda bai zo ba, kafin yamma an leƙa shi. Majami'ar da za ka yi wata ba ka je ba kuma ba wanda ya lura, ta yi maka nisa, ko da a can aka ɗaura maka aure. Yaran nan uku suna bukatar makarantar Lahadi kowane mako, ba sau ɗaya a wata ba. Masaka cike take da mutanen Filato da Kudancin Kaduna, 'yan ɗarikun ECWA da COCIN da sauransu, ka yi tambaya za ka sami masu sujada da Hausa. Ka nemi takardar canji, kada ka sulale.

Baban Murna: Baba na gode. Akwai ɗaya ta ɗarikarmu, amma ita ma sai an hau mashin. Babbar matsalar uwargida ce, ta riga ta biya kuɗin ankon taron mata na bana a Nyanya.

Maman Biyu: Ta sa ankon dai. Ta ga ko za su sa mata in nata ya zo.

'Yar Zuru: Ni abin da ke cinye ni ba motar ba ce. Baikon sujada, baikon gini, baikon godiya, sannan a kira 'yan watan haihuwa su fito da rawa. Kowane yaro sai ka damƙa masa wani abu, in ba haka ba ya zauna shi kaɗai a benci ana kallonsa. Wata Lahadin kunya ce ke zaunar da mutum a gida, ya ce zazzaɓi.

Malamin Lahadi: Ba a tilasta wa kowa. Gwauruwar nan ta Markus 12 anini biyu ta saka.

'Yar Zuru: Ita ba a karanta sunanta da adadin a lasifika ba, Malam.

Direban Keffi: Namu sau huɗu ake zagayawa, na biyar in an yi baƙon mai wa'azi. Dattijo, kai da ka zauna a kwamiti, kuɗin ginin da ake tarawa tun ina saurayi, har yanzu tagogin leda ne. Ina yake shiga?