Ƙwaya ko ƙarin ruwa: wanne za mu zaɓar wa mahaifina?

Mai Jinya: Assalamu alaikum. Likita ya ba mu zaɓi kan ciwon dajin hanji da ke damun mahaifina: ko dai maganin daji mai suna 5-FU ta ƙarin ruwa, ko ƙwayar capecitabine, wadda ya ce ba ta aiki sai jiki ya mayar da ita 5-FU, akasari a cikin ƙarin ciwon dajin. Baba yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Waɗanda suka gwada, ku taimaka mana da shawara.

Maman Biyu: Allah ya ba shi lafiya. Ku ɗauki ƙwayar, domin mun sha ta a gida safe da yamma bayan cin abinci, kwana 14 a huta 7, kuma ta fi mana arha.

Dattijo: Hajiya, mu kam ta fi mana tsada nesa ba kusa ba. Haka aka ce mana ƙarin kawai take nema, amma a zagaye na uku tafin ƙafar matata ya yi ja ya tsage, har sai na goya ta zuwa banɗaki, zanen yatsunta kuma ya shafe, wayarta ma ta daina gane ta.

Ɗan Auta: Ashe lokacin cin bashi ya yi, tunda babu yatsan dangwalawa.

Mai Harhaɗa Magunguna: Baba, sannu da jinya. Sauyin ƙwayar zuwa 5-FU yana farawa ne a hanta, mataki na ƙarshe kuma yana hannun wani sinadari da ya fi yawa a cikin ƙari, amma akwai shi a lafiyayyen nama ma. Mai tambaya, haɗa ta da warfarin yana iya jawo zubar jini, saboda haka ka tuna wa likita, ka kuma nemi gwajin DPD (sinadarin da ke wargaza 5-FU a jiki), wanda hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar yi tun 2020.

Dattijo: Malam, karatu ka yi, mu kuwa mun kwana da abin.

Maman Biyu: Wanda ya karanta ai ya fi mu sanin hanta. Sai dai ni ma babu wanda ya ambata mini gwajin nan.

Dattijo: To, shi ne zancen. Minti uku likita ya ba mu, ya miƙo takarda mai rubutu kamar ƙwan kifi, ya kira na gaba.

Mai Jinya: Ranar Litinin za mu koma asibiti. Gwajin na jini ne?