Akantana ya ce in jira dala ta sauko, shin wannan aikinshi ne?

Mai Sola Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kawo batura da inbata daga Sin, shagona nan cikin Katsina, kuma wanda nake saye wurinshi yana ba ni kaya bashi na wata uku da dala. A 2023 akwai ragowar dala dubu 20 a kaina, na je zan saya wurin 'yan canji ana ba da ita wajen 750, akantana ya ce in dakata wai tunda CBN (babban bankin ƙasa) ta haɗe farashin canjin dala wuri ɗaya a watan Yuni dala za ta sauko. Na saurare shi. Kafin Oktoba ta haura 1,000, sama da miliyan biyar na ƙara daga aljihuna alhali kayan na riga na sai da su a tsohon farashi. Mutumin kirki ne wallahi, littafina tsaf yake, haraji ma bai taɓa sa ni matsala ba. Yanzu zan sake karɓar kaya, in koma wurin akantan ko in nemi wani?

Hajiya Akanta:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mai da alheri. Ni ma aikina ke nan kuma gaskiya ɗan uwanmu ya shiga hurumin da ba nashi ba. Takardar ICAN ko ANAN (ƙungiyoyin akantoci) ba ta sa mutum ya san inda dala za ta kwana gobe, MTN Najeriya da duk ƙwararrunta ta yi asarar naira biliyan 137 a 2023 saboda faɗuwar naira. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya zaunar da kai da biro da takarda, bashinka da dala ne, cinikinka da naira, in ta ƙaru da naira 100 ga abin da za ka rasa, in 300 ne ga shi, ribarka za ta ɗauka? Sannan ya ce duk cinikin sati ka riƙa yankar wani abu kana sayen dala kana zubawa a asusun dala na banki. Ka je ka tambaye shi wannan lissafin, in ya fara yi maka hasashe kuma to ka bar mishi haraji kawai.

Ɗan Daura:
Mu nan da sefa muke fama ta Kongolam da Mai'aduwa. Wani akanta da na taɓa ɗauka bai ma san sefa a ɗaure take da yuro ba, 655.957 kowace yuro ɗaya, kullum dala yake duba min a waya. Ni yanzu ranar da na karɓi kaya ranar nake canja rabin kuɗin, ko ta sauko daga baya ba na cizon yatsa.

Malam Sani Rafindaɗi:
Alhaji ka yi haƙuri amma kai ma da naka, shawara ya ba ka ba dole ba. Kuma nawa kake biyanshi? Yawancinmu kuɗin rubuta littafi muke bayarwa mu nemi shawarar miliyoyi a tsaye bakin shago.

Mai Sola Ƙofar Ƙaura:
Malam maganarka ta shige ni, a bakin shago kuwa muka yi ta bayan la'asar. Hajiya na gode ƙwarai, ran Asabar zan kira shi mu zauna da takardun, kayan wannan karon na dala dubu 12 ne.