Taƙaitawa: tsohon zomo mai ciwon ƙashin baya

To jama'a ga abin da na tattaro daga shawarwarin da aka bayar kan yadda za a kula da tsohon zomo mai ciwon ƙashin baya.

1. Kusan kowa ya ce likitan dabbobi tukuna, yawanci meloxicam (maganin rage ciwo da kumburi) yake rubutawa, kar a ba shi maganin mutane da ka.
2. Shimfiɗa mai laushi, banda tayil ko siminti mai santsi, akwatin bayan gidansa a rage masa baki.
3. Ba ya iya lanƙwasawa ya goge bayansa, to a duba kullum, in ya jiƙe ƙuda na yin ƙwai a wajen, tsutsa ta fito, wannan kam an nanata shi sosai.
4. Busasshiyar ciyawa da yawa, a rage ƙiba.

Tausa ce aka rabu a kanta, wasu sun ce tana taimakawa wasu sun ce bayan zomo bai da ƙwari, a bari.