Tsohuwar kashaf a zafin Saudiyya: me ke fara lalacewa daga Yuni zuwa Satumba?

Baban Amira, Jidda: Salamu alaikum. Masu riƙe da tsofaffin motocin nan masu rufin tamfol, waɗanda Larabawa ke kira kashaf, ku zo mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa. Mercedes SL ce, Jaguar XJS ce, ko Rolls-Royce, duk ɗaya. Watanni huɗun nan na zafi yawancinmu ajiye su muke yi, in Oktoba ta zo kuma a tarar da aiki. Me ke fara mutuwa, me ya kashe shi, yaya ake tare shi?

Usta Ɗanlami, Sina'iyya (unguwar garejoji): Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙarfe ba ya tsoron zafi, roba da filastik ne ke jin jiki. A SL ƙirar R107, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1989, abin da ya fi tsada shi ne filastik ɗin da sarƙar taimin ke bi ta kansa a injin V8. Sabo fari ne. In ka cire murfin bawul ka gan shi ya koma kalar gahawa, to ya gasu, jira yake ya karye. In ya karye gutsuren na shiga tsakanin sarƙa da haƙori, sarƙar ta tsallake, fistin ya daki bawul. Alamarsa ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa biyu ko uku lokacin tayarwa da safe. Kada a tsaya lissafin kilomita, motar da ba ta tafiya ma filastik ɗinta na tsufa. Shekara goma ta isa a canza su, tare da abin ɗaure sarƙar da ƙananan filastik da ke riƙe bututun mai a saman kam. Mai 380SL ta Amurka ƙirar 1981 zuwa 1983 ya leƙa ya gani, da sarƙa mai layi ɗaya suka fito, kuma da yawa an mayar da su mai layi biyu.

Malam Habu, Riyad: Usta ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da tafasa. Kuskuren da ya fi yawa a garejojinmu shi ne cire tamostat wai don ruwa ya gudu da sauri. A injin Mercedes tamostat ɗin ƙofa biyu yake tsarewa: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa inji kai tsaye. Ka cire shi, rabin ruwan ba zai ma je lagireto ba. Abin dubawa na gaba kulocin fanka. Inji a kashe, ka juya fankar da hannu, in ta yi ta juyawa ba tirjiya to man cikinsa ya tsiyaye. Sai murfin lagireto, wanda lambar matsinsa ke rubuce a kai, a sayi mai irin lambar. Ruwa kuma rabi maganin sanyaya inji, rabi tataccen ruwa na batir. Ruwan famfo ko na wayit, wato tankar ruwa, yana barin farin gishiri ya toshe bututun lagireto. Allurar zafi tsakanin digiri 80 da 90 a hanya lafiya ce, ta taɓa 100 a cunkoso da na'urar sanyi a kunne ba abin tashin hankali ba ne. In kana son gwaji na gaske, hau hanyar Hada zuwa Ɗa'ifa. Motar da ta kai sama allurarta ba ta kusanci ja ba, ta ci jarrabawa.

Baban Amira, Jidda: Malam Habu, ku a Riyad bushewa da ƙura ke damunku, mu nan laima da gishirin teku ne. R107 tana da wani wuri a gindin gilashin gaba, ƙarƙashin murfin fankar iska, inda ruwa ke taruwa in ramukan zubarsa sun toshe. Tsatsa na cin wurin a ɓoye har ruwa ya fara sauka kan kafet. Kafin a sayi kowace, a cire murfin nan a haska da tocila, a kuma ɗaga kafet a taɓa. Fenti mai ƙyalli ba ya gaya maka komai. Kuma duk motar da ta zauna a Jidda lokacin ambaliyar Nuwamba 2009, a shinshina ƙarƙashin kujera, a dubi kan wayoyi ko sun yi kore.

Ummu Yasir, Makka: Yayyena, kun manta da rufin kansa. Tamfol ɗin da aka naɗe aka bari wata huɗu a ramin bayan kujera yana tsukewa, ranar da za a ɗaga shi sai ya ƙi kaiwa makullin gaba, a ja da ƙarfi ɗinki ya ɓarke. Wanda ya ɗora rufin ƙarfe don zafi, ya riƙa sauke shi ko sau ɗaya a wata, mutum biyu, a ɗaga tamfol a kulle ya kwana a miƙe. In ya riga ya tsuke, a bar shi a rana minti ashirin ya yi laushi kafin a ja. Tagar baya ta roba ce: ba a goge ta da busasshen tsumma, ƙura na karce ta, a fara zuba ruwa. Wajen naɗewa a sa tawul mai laushi a lanƙwasar. Ba a naɗe shi da danshi, ba a kuma kai shi wurin wankin da ke harba ruwa da ƙarfi. Fatar kujera ita ma a shafa mata mai a inuwa, ba a kan kujera mai zafi ba.

Usta Ɗanlami, Sina'iyya: Hajiya, wannan na R107 ne da ake ɗagawa da hannu. R129 da ta biyo ta daga 1989 da mai take ɗagawa, silinda fiye da goma, kuma robobinsu kusan tare suke mutuwa. Na saman gilashin gaba ke fara yoyo, man ya ɗigo wa direba a kan riga. Famfon da tankinsa suna but, ƙarƙashin safaya. Mansa na musamman ne, ZH-M, ba man giya ba, ba man birki ba. In ɗaya ta yi yoyo a cire duka a sake musu roba, don kwance rufin sau uku ya fi kuɗin robobin. Silindar tashlih, wato kasuwar kayan matattun motoci, ta Biriman a Jidda ko ta Ha'ir a Riyad, shekarunta ɗaya da taka, ba magani ba ce.

Abu Faisal, Madina: Tunda an zo kan mai, masu Rolls-Royce Corniche su kula. Birki da abin daidaita tsayin mota da mai mai matsi suke aiki, kuma iri biyu ne. Tsofaffin na shan RR363, waɗanda suka fito daga wajen 1980 na shan koren mai LHM. A karanta abin da ke rubuce a kan tankin. Kofi ɗaya na wanda ba nasa ba ya isa ya kumbura duk robobin, sai an kwance komai. Kada a bar yaron gareji ya ƙara mata mai ba ka tsaye.

Malam Habu, Riyad: Saura fetur. Wanda ya kwana watanni a tanki cikin zafin nan yana zama danƙo, ya maƙale sandar da ke cikin marabar fetur ta K-Jetronic, wato tsarin da ke fesa wa injin fetur. Tayar da ita a gareji minti biyar ba ya amfani, ruwa kawai yake tarawa a salansa. Duk mako biyu a fita da ita bayan isha'i, kilomita 20 zuwa 30, a kunna na'urar sanyi don robobinta su sha mai. Ni fetur mai lamba 95 nake ba da shawara ga motocin ƙirar Turai. In tana tashi da safe amma ta ƙi tashi bayan an tsaya sallah, a dubi akumuletan fetur da ke kusa da famfo a baya, shi ke riƙe matsi in an kashe inji. Tiyon wurin matsinsa ya kai bar 5, kada a sa masa tiyon kafireto.

Baban Amira, Jidda: Taya fa, Usta? Zanenta na nan kamar sabo.

Usta Ɗanlami, Sina'iyya: Zane ba shi ne ba, Alhaji. Dubi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ta wuce shekara biyar a ƙasar nan, a sauke ta. 560SL 205/65 R15 take ɗauka, waɗanda suka riga ta 205/70 R14, kuma wannan ta biyun sai an yi oda, don haka a nema tun kafin lokacin fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso.