Musayar Waƙa: An Sa Hannu a Paris, Wa Ya Gani a Ƙasa?

Malam Bazazzagi:
Salamu alaikum jama'a. Gobe 21 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2002 don bambancin al'adu da tattaunawa tsakanin al'ummomi. A kanta za mu gwabza yau, da kan yarjejeniyar kare bambancin al'adu da aka ƙulla a UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar. Amsa-amo "ya" ne, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu, kowa da ƙarfin numfashinsa. Zolaya halas, zagi haram.

Da sunan Allah, Mai halittar harsuna,
Ya bambanta launi, asali kuwa ɗaya.

Ya yi mu ƙabilu don mu san juna,
Ku buɗe Hujurati, can za ku ga aya.

Gwamnatoci sun hallara a Paris,
Zauren UNESCO, don ƙulla yarjejeniya.

A 2005 aka kaɗa ƙuri'a,
Ƙasa 148 suka haɗa murya.

Biyu suka ce a'a, Amurka da Isra'ila,
Huɗu suka noƙe, suka ja da baya.

Abin da ke ciki, kowace ƙasa
Tana da ikon ba fasaharta kariya.

Fim da waƙa ba siminti ba ne,
Da za a bar wa mai ƙarfin aljihu ya saya.

Ni dai na ce an yi abin kirki,
Mai ja da ni ya fito, ga hanya.

Bakano:
Bawana ya yi magana, dole ubangidansa ya gyara masa. Malam, a yi haƙuri da ni.

Na ji batunka, Bazazzagi,
Masu taron sun hau jirgi,
Sun ci, sun sha, ba zargi,
Sun bar makaɗi da yunwarsa ta jiya.

An sa hannu da alƙalami,
Kowa ya tafa wa malami,
Je Ƙofar Mata ka leƙa rami,
Baban rini ya bushe, yadin Sin ake saya.

Ita Amurka a UNESCO shiga da fita,
1984 ta kama gabanta,
2003 ta dawo kujerarta,
Ta kuma fita, ta kuma dawo, ba kunya.

In mai kuɗin gidan ya yi fushi,
Asusu ya kan shiga ƙunci da nishi,
To wa zai kare mai kukuma da garinshi?
Amsa mini, in kana da ta gaskiya.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Kai, ku saurara wa uwarku. Wannan tsokanar da kuke yi wa juna ita ce Nijar ta kai UNESCO, aka rubuta ta cikin littafin gadon ɗan Adam a 2014.

'Ya'yana na Kano da Zazzau,
Kuna faɗa, baki cike da dariya.

Wannan wasa shi ne taubasantaka,
Shi Nijar ta ɗauka ta nuna wa duniya.

Bafillace ya tsokani Babarbare,
Ba mai zare wuƙa, ba riƙo a zuciya.

Bagobiri da Bayarabe haka suke,
Bazabarme da Buzu ma, gadon zuriya.

In rigima ta tashi a bakin kasuwa,
Taubashi ke shiga, kowa ya tsaya.

Kafin a gina zauren taro a Turai,
Sulhu irin wannan kakanni sun iya.

Gwamnati ba ita ta ƙirƙiro shi ba,
Ta dai rubuta, ya zam shaida ga na baya.

Gogen matan Buzaye ma, imzad,
2013 ya shiga, ba jayayya.

Ƙasa uku suka kai shi da hannu guda,
Mali da Nijar da kuma Aljeriya.

Ɗana Bakano, wannan ba haɗin kai ba ne?
Ko sai an ba ka naka a ƙwarya?

Ɗan Kabi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni ina tsakiya, don abin ya faru a ƙofar gidanmu.

Bikin su na Argungu, 1934,
Sarkin Musulmi ya zo, aka binne ƙiyayya.

Kabi da Sakkwato sun daɗe da takobi,
Kifi ya sasanta su, aka zauna lafiya.

A 2016 aka sa mu a littafi,
Muka ji a rediyo, muka yi godiya.

Amma a lokacin Matan Fada shiru,
Shekaru ba biki, homa na rataye a igiya.

Sai 2020 gora ta koma ruwa,
Giwan ruwa ya fito, aka yi ta hayaniya.

Suna a Paris bai buga mana ganga ba,
Sai da tsaro da kuɗin gida suka shirya.

Malam Bazazzagi:
Madalla da Ɗan Kabi. Bakano, matso kusa, ga taka.

Hawan Sallar Kano ya shiga littafin,
Disambar 2024, ka ji ko ka ƙi ji, ɗaya.

Duniya ta ce wannan abin a adana,
Ku kuka ɗaure dawaki a bayan katanga, tsiya.

Rikicin sarauta ya hana hawa,
Wannan ma laifin Paris ne, in tambaya?

Makaɗin Maraɗi:
Manya, ku ba talaka wuri. Ni ban karanta yarjejeniya ba, hanya na sani.

Ni kalangu ne sana'ata,
Maraɗi nan ce mahaifata,
Katsina ke da dangin matata,
Tsakaninmu ƙofa guda ce, Jibiya.

A 2019 aka ja ƙyaure,
2023 aka sake ɗaure,
Ango na can, makaɗi na zaure,
Aka kai amarya ba kalangu, ba garaya.

Shugabanni in sun ɓata,
Iyaka ce farkon shan wuyarta,
Harshe ɗaya, kowace da tutarta,
Ɗan'uwa na hango ɗan'uwa ta waya.

Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya na Yamai,
Tun 1971 take, malamai,
Mu ba mu roƙi kuɗi ko mai,
A bar mu mu wuce da ganga lafiya.

Ɗaliba daga Zangon Kumasi:
Iyayena, ina gaisuwa. Baba Makaɗi, baitinka na uku ya taɓa ni. Amma ku bar ƙaramarku ta sa baki.

Madrid ta sha bam a jiragen ƙasa,
2004, aka yi makoki a Sifaniya.

Ba ta ce Musulmi duka abokan gaba ba,
Ta miƙa hannu, ta kamo Turkiyya.

Suka kafa ƙawancen fahimtar juna,
Kofi Annan, ɗan Kumasinmu, ya buɗe hanya.

Ku tuna Tumbuktu a 2012,
An rushe hubbaren waliyyai da diga da hauya.

Maginan garin suka sake ɗaga su,
Kuɗi daga ƙasashe, laka ta gargajiya.

Wanda ya ja ragamar rushewar,
Kotun duniya ta Hague ta kira shi ya amsa tambaya.

2016 ya amsa laifinsa da bakinsa,
Shekara 9 aka yanke, ba ƙarya.

Baba Bakano, in duk takarda ce kawai,
Wa ya kai shi gaban alƙali daga Sahara mai wuya?

Bakano:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ta Tumbuktu na karɓa. Ta dawaki kuwa maganar cikin gida ce, ba a yin ta gaban bawa. Amma tun da Malam ya iya karatu, ya buɗe sashe na 16 na yarjejeniyar tasa. Can aka ce ƙasashe masu arziki su sauƙaƙa wa masu fasahar ƙasashe masu tasowa shiga da kayansu.

Sashen ya ce a buɗe ƙofa,
Mai molo ya je ya yi wasa a kan dandali fa,
Je layin biza ka ga ana zufa,
An karɓi kuɗi, an ce ya dawo wata safiya.

Fim ɗinsu na shigowa ba shamaki,
Har ɗakin kakata, abin mamaki,
Namu mawaƙi ya ɗaure kayan aiki,
Gayyata a hannu, an hana shi tafiya.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Wannan kam ka ciji inda ke da nama. Malam, kana da amsa?

Malam Bazazzagi:
Sashen na nan yadda ya faɗa, Hajiya. Shi ya sa nake son takardar.

Da ba a rubuta ba, da me za ka kama su?
Alkawari rubutacce shi ake bi da tambaya.

Ministocinmu ke zuwa taron,
Su za a tsare in sun sauka Nijeriya.

Bakano:
Tsare minista sai Bazazzagi,
Ni ban da takalmin bin jirgi,
Ka je, in ka dawo ba zargi,
Kuɗin motarka na kaina, har Zariya.