Zuma ko asibiti? Gardamar dangi kan gyambon ƙafar Baba

Gwaggo Rabi: Salamu alaikum. Na ga hoton ƙafar Yaya da Auta ya turo. Maganata guda ce: kar wanda ya kai shi asibiti. Gyambon mai ciwon sukari zuma ce maganinsa, a wanke a shafa safe da maraice. Can ba su san komi ba sai wuƙa, mutum ya shiga da ƙafa biyu ya fito da sanda.

Kawu Idi: Kin gama magana. Allah da kansa ya ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane, Suratun Nahli, aya ta 69. Bara da salansar moto ta ƙone ni, zuma na sa, sati biyu fata ta rufe.

Hadiza: Kawu, a gafarce ni, ba ayar nake musu ba. Amma kai ba ka da sukari. Auta, yaushe abin ya fara, kuma Baba yana jin zafinsa?

Auta: Wata uku ke nan, Yaya. Ƙusa ce ta huda takalminsa, ya wuni da ita a kasuwar dabbobi bai sani ba, sai da Inna ta ga jini a tabarmar salla. Ramin yana ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa kamar ƙwandalar dala ashirin, farar kanta mai tauri ta zagaye shi. Ya ce ko ɗis ba ya jin ciwo.

Gwaggo Rabi: To kun ji. Abin da ba ya ciwo ai sauƙi ne ya samu.

Hadiza: Gwaggo, rashin zafin nan ne ya hana ni barci. Sukari in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, shi ya sa ƙusa ta wuni a jikinsa. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, ciwo ya rasa abin da zai gina sabon nama da shi. Shekaru nake wanke irin wannan gyambon a nan Yamai, bakinsa ƙarami ne amma cikinsa rijiya. Sai an kankare kantar nan da mataccen nama, a sa ɗan ƙarfe mai tsabta a ji zurfinsa. In ya taɓo ƙashi, a yi radiyo, wato hoton ƙashi, don wataƙila ƙwayar cuta ta kama ƙashin, kuma wannan makonni ake yi ana shan magani. A taɓa bugun jini a bayan ƙafa, a auna sukari. Wanne zuma za ta yi a cikin waɗannan?

Abdu: Yaya Hadiza, ni a nan Abijan na ji an ce Turawa ma suna sa zuma a ciwo.

Hadiza: Akwai ta, ƙanena. Zuma ce da aka tace aka kashe ƙwayoyin cikinta, irin Manuka ta ƙasar Niyu Zilan, ba ta cikin gorar ruwa da ake sayarwa a tasha ba, wadda wata ma sukari aka narka a ciki. Duk da haka, ƙungiyar ƙwararrun duniya kan ƙafar masu sukari ta ce, a ƙa'idojinta na 2023, kar a yi amfani da zuma don warkar da wannan gyambon, ba a samu hujja mai ƙarfi ba.

Gwaggo Rabi: Ke dai kare gidanku kike. Maƙwabcinmu fa? Da ƙafarsa ya hau mota, aka dawo da shi an yanke har gwiwa.

Hadiza: Wata nawa ya yi a gida kafin a kai shi?

Gwaggo Rabi: Daga damina zuwa bazara. Wanzami ya tsaga, an barbaɗa garin bagaruwa, sai da yatsu suka yi baƙi. Amma ɗiyata, ki faɗi gaskiya. Shi Yayan ai mun taɓa kai shi wani ɗakin shan magani a nan Tawa. Yaron ya goga jan magani, ya naɗe da bandeji, ya karɓi kuɗi, ya ce a dawo jibi. Sau tara muna zuwa, ko sukari bai auna ba. Wannan ne ya fi zumata?

Hadiza: Bai fi ta ba, nan kam kin kama ni. Fanseman kawai ba magani ba ne. Ƙa'idarmu, in aka yi sati huɗu ciwo bai ragu da kusan rabi ba, a sake dabara ko a tura gaba. Ga babban asibitin jiha a Tawa, ga asibitin Galmi, in ta kama a zo Yamai. Amma akwai abin da ya fi wankin ciwo, kuma shi ne zai yi wa Baba ɗaci: kar ya ƙara taka wurin. Duk takun da ya yi, naman da ya tsiro da dare yake murƙushewa. Wani lokaci siminti ake ɗaura wa ƙafar irin na karaya, ko takalmi na musamman, ko a ba shi sanduna.

Kawu Idi: Wato ki hana dattijo jam'i? Mutumin da ko ruwa ake bai rasa asuba a masallaci?

Malam Sani: Idi, nan kam ka bar mini. Majinyaci yana da uzuri, ya yi salla a gida, a zaune in ta kama, ya yi shafa a kan bandeji wajen alwala. Ayar kuma ta ce akwai waraka, ba ta ce a bar sauran magani ba.

Kawu Idi: Malam, ni dai na ga zuma ta yi aiki da idona.

Auta: Ku yi haƙuri na katse ku. Yanzu na kwance tsumman. Akwai wari, ɗiwa tana fita in an danna, kuma ja ya hau har bayan ƙafa, wurin da ɗumi. Inna ta ce a jiƙa masa a ruwan zafi da gishiri.

Hadiza: Kar ku kuskura! Ba ya jin zafi, zai dahu bai sani ba. Ja da kumburi da wari ba abin kwana ba ne. Rufe da bandeji mai tsabta, ka nemo mota, kar ya taka ko zuwa bakin ƙofa. Ɗauko takardun maganinsa duka. In kun isa ka kira ni, in yi magana da lokotoron.

Abdu: Na turo jika hamsin, Auta ka je ka karɓa.

Gwaggo Rabi: To, ku je. Amma duk wanda ya fito da wuƙa, da ni zai yi. Ga ni nan zuwa, da kwalbar zumata, in ba a shafa ba sai in dama masa a kunu.

Hadiza: Gwaggo, don Allah, kunun ma a'a.