Me ya kamata a shuka a ƙaramin lambu idan bazara ta kama?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fili ne mai tsawon mita 15 da faɗin mita 10 a gefen Kano, ƙasar jigawa ce, ruwan rijiya ake ja da hannu. An kusa cire tumatir da latas na sanyi, ga Maris ya shigo. Me zan saka da zai jure zafin nan har damina ta sauka? Ko in sake dasa tumatir, tunda lokacin ne yake tsada? Ina kuma son 'yan itatuwa a gefe.

Na-Fadama:
Wa alaikumus salam. Malam, ka cire tumatir daga lissafi. Tsadarsa a watan Mayu da Yuni ba banza ba ce, don ba ya yi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya bushe ya zube, ka ga ganye shar amma babu komai a jiki. A Afrilu kuwa Kano tana taɓa 40. Ga kuma sharon, tsutsar da ta cinye gonakin Kadawa da Kura a 2016, wadda zafi ke ƙara mata yawa. Latas ma haka, zai yi tozo ya yi ɗaci. Kabeji da karas ka bar su sai Oktoba ko Nuwamba.

Abin bazara shi ne kuɓewa, alayyahu, rama, yakuwa, lalo da kankana.

Kuɓewa ita ce uwar tafiya. Ka jiƙa irin ya kwana a ruwa, wanda ya taso sama ka zubar. Ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 30 tsakanin rami da rami, 60 tsakanin layi da layi. Bayan mako biyu ka cire ka bar biyu, sannan ka sa takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane gindi, tazarar yatsu huɗu daga kara, ka rufe da ƙasa ka ba da ruwa. Idan ya taɓa karan zai ƙone shi. Wajen kwana 50 zuwa 60 za ka fara tsinka, kuma kada ka wuce kwana uku ba ka zagaya ba, domin da zarar 'ya'yan sun ƙosa a jiki, uwar takan rage fure. In ka tuge tumatirinka ka ga ƙulle-ƙulle a saiwar, kada ka sa kuɓewa a wannan fangalin, ƙwaron da ya yi wannan ita ma yana cin ta.

Alayyahu irinsa ƙanana ne ƙwarai, ka gauraya shi da yashi kafin ka watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe. Mako huɗu ka fara yanka. Ka riƙa shuka fangali ɗaya duk bayan kwana goma, kada su zo maka a lokaci guda.

Injiniya Mai Ban Ruwa:
Na-Fadama ya gama magana a kan iri, amma Malam, tun kafin ka sayi iri ka yi lissafin guga. A tsakiyar bazara kowace murabba'in mita tana shan kusan lita 7 zuwa 8 a rana. Fangali mai mita 1 da mita 5 ke nan yana son lita 35 zuwa 40, wato jarka ɗaya da rabi ta 'yan garuwa. In ka ce za ka cika duk filin nan mai murabba'in mita 150, kana maganar sama da lita dubu kullum, da hannu. Rijiyoyi kuma lokacin suke ja baya. Gara ka noma sulusin filin ya ƙoshi da ka noma duka ya yi yaushi.

Ka yi fangali mai zurfi, kamar santimita 10 ƙasa da hanya, don ruwa ya tsaya a ciki. A jigawa ruwa zurarewa yake yi, don haka ka juya taki ruɓaɓɓe bokiti biyu a kowane fangali. Kashin kaji ɗanye kada ya kusanci shuka a wannan zafin, sai ya yi aƙalla mako shida a tare ana yayyafa masa ruwa ana juyawa. Bayan tsiro ya kai tsawon tafin hannu, ka shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, ka bar ɗan fili a gindin kara saboda gara. Ban ruwa da asuba da kuma bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba.

Abin da mutane ke mantawa: wannan fangalin mai zurfi da ya cece ka a Afrilu shi zai kashe maka shuka a Yuli. Da ruwa ya zauna, ka fasa bakin fangalin ko ka mayar da shi kunya.

Hajiya Mai Gwanda:
Injiniya, ban yarda da ban ruwa sau biyu ga kankana ba. Ga alayyahu da sabon tsiro, e. Kankana kuwa ta fi son a ƙosar da ita sosai duk bayan kwana biyu don saiwar ta nutsa. Abin da ke ɓata ta shi ne yau ƙishi gobe ambaliya: gindin ɗan ya yi baƙi ya ruɓe, ko ya tsage. Tazara mita 2 da mita 1, a bar 'ya'ya biyu ko uku a kowace uwa. Irin Kaolack da Sugar Baby suna nuna wajen kwana 80, kuma a rage ruwa mako guda kafin cira don zaƙi ya zauna. Amma a fili irin naka, Malam, gindi shida ya isa, tana cin wuri.

Itatuwa ba yanzu ake dasawa ba, yanzu ake reno. Ka shuka gwanda a leda ƙarƙashin inuwa a Afrilu, ka dasa a Yuni. Uku a rami ɗaya, domin sai sun yi fure ake gane namiji, wanda furensa ke reto a dogon sili. Ka sare shi, ka bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. A tudu za ka sa ta, kwana biyu ruwa ya kwanta a gindinta ta tafi. Mangwaro ka nemi ɗan aure, ramin santimita 60 ta kowane ɓangare, ka haƙa tun yanzu ka cika da taki, kuma kada ƙasa ta rufe wurin auren. Guda ɗaya kawai, a kusurwar arewa, don inuwarsa kada ta cinye lambun nan gaba.

Na-Fadama:
Gaskiyar Hajiya ce a kan kankana. Na manta maganar ƙwari: farin ƙuda da ɗarɓa za su zo wa kuɓewa. Ka daka ƙwayar darbejiya rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 ta kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan sabulu a ciki, ka fesa ƙarƙashin ganye da yamma duk mako. In ka fesa da rana tsaka ganyen zai ƙone, kuma wanda ya rage ba ya ajiyuwa, sabo za ka haɗa kowane karo.